Wa Zai Juya Baba

Litinin, 2 ga Satumba, da magariba

Tun daga bakin ƙofa zarnin ya tare ni. Ni da nake wuni a kamfani ina zaro hanjin kaji, ya kamata a ce hancina ya mutu tuntuni, amma bai mutu ba. Wilfrido yana baranda a kan kujera mai lilo, ba riga, fanka a gabansa, waya a hannu. Na ce, "Ka canja wa Baba?" Ya ce, "Barci yake, ban so in tashe shi ba."

Na shiga ɗakin. Surukina, Don Eusebio, idonsa biyu, yana kallon silin. Zanin gadon ya jiƙe har ya fara bushewa daga gefe. Uban da ya haifi Wilfrido ne fa. Ni matar ɗansa ce kawai.

Wata guda ke nan da aka kawo shi gidanmu, bayan ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Yaya Marlenis, yayar mijina, ta ce gidanta bene ne, ba za a iya hawa da shi ba, kuma ai Wilfri yana gida yanzu. Yana gida kam. Tun da aka karɓe masa makullin bas a watan Yuli, kan abin da ba ni da niyyar rubutawa, yana gida kamar yadda firij yake gida.

Na wanke tsohon, na shafa masa mai, na jiƙa zanin gado, na ɗora shinkafa. Wilfrido ya leƙo kicin ya ce, "Nidi, za ki soya ayaba?"

Na soya.

Laraba, 4 ga Satumba, da asuba

Tukunyar da suka ci romon sancocho shi da abokansa ranar Lahadi, Wilfrido ya ce shi zai wanke. Yau na same ta a ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ya rufe ta da murfi ya tura can ciki. Na buɗe. Tsutsa. Na mayar da murfin, na kai ta baranda, na ajiye kusa da kujerarsa.

Laraba, da yamma

Ya jefar da tukunyar a bola. Tukunyar da mahaifiyata ta ba ni. Wai ba za ta wanku ba.

Alhamis, 5 ga Satumba, da azahar

Na nemi izinin rabin wuni na je asibiti. Sun ba ni ranar da za a yi mini aiki, ashirin da shida ga wata. Ban gaya wa kowa ba. Yau ma jini ya ɓata mini wandon aiki, sai da na ɗaura rigar sanyi a ƙugu kafin in hau bas.

Lahadi, 8 ga Satumba, da la'asar

Yaya Marlenis ta zo daga coci kai tsaye, turarenta ya riga ta shigowa. Ta kawo inabi, wanda Baba ba ya iya haɗiyewa. Ta tsaya a bakin ƙofar ɗakinsa ta ce, "Sannu Baba," daga nesa, sannan ta jawo ni gefe.

"Nidia, ɗakin nan yana bugawa fa. Ba kya sa masa hoda?"

Na ce, "Yaya, ƙarfe biyar nake fita, sai magariba nake dawowa. Tambayi ƙaninki, shi ke wuni da shi."

Ta yi dariya kamar na ba da labarin ban dariya. Ta ce, "Wilfri? Ai namiji ne. Mama, Allah ya ji ƙanta, ba ta taɓa bari Baba ya ɗauki ko cokali ba."

Na ce, "Shi ya sa ta riga shi tafiya da shekara goma sha biyar."

Ta ɓata rai. Wilfrido ya ƙara wa talabijin murya. Ta ci shinkafa da kifi faranti biyu, ta bar ƙaya a kan tebur ta tafi. Shi ya cinye inabin.

Talata, 10 ga Satumba, da magariba

Yau na gwada lallami. Na zauna kusa da shi, na kashe fankar don ya ji ni. Na ce gidan nan namu ne mu biyu, uban nasa ne, ƙarfina kuma ya fara ƙarewa. Ban ɗaga murya ba. Ya saurara, har da gyaɗa kai. Ya ce, "Ai sai ki faɗa, Nidi. Duk abin da kike so zan taimaka miki."

Zai taimaka mini. Wato fitsarin ubansa nawa ne, farantin da ya ci abinci nawa ne, shi baƙo ne mai kirki da ya biyo ta unguwar. Shekara ashirin da uku ina jin kalmar nan, yau ne ta ishe ni.

Duk da haka na ce to. Na ce gobe ya yi wanki.

Laraba, 11 ga Satumba, da yamma

Ya yi wanki. Ya haɗa fararen kayan aikina da jar rigarsa ta ƙwallo. Duk sun rine. Ya ɗaga ɗaya yana murmushi ya ce, "Kin gani ko? Ni ban iya waɗannan abubuwan ba."

Mutumin da zai kwance injin bas a gefen titi ya mayar da shi ba tare da ƙusa ɗaya ta ɓata ba, shi ne bai san ja yana zuba ba.

Murmushin ne ba zan manta ba.

Juma'a, 13 ga Satumba, da magariba

Ina juya Baba na ga abin a kwankwasonsa na dama. Fatar ta buɗe, faɗin murfin kwalba, tsakiyar ta yi fari-fari tana ruwa. Da na taɓa gefen sai ya yi wani irin gurnani. Na kira Wilfrido na ce zo ka gani. Ya leƙa daga ƙofa, ya ce, "Sauro ne ƙila."

Asabar, 14 ga Satumba, da hantsi

Mun kai shi ƙaramin asibitin unguwa a tasi. Wilfrido ya taya ni shigar da shi, sannan ya ce zai sha iska a waje. Nas ɗin yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar 'yata Yuranis ba. Ta duba ciwon, ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke ce mai kula da shi?"

Na ce ni ce matar ɗansa.

Ta ce, "Wannan ciwon kwanciya ne, uwa. Barinsa ake yi a ɓari ɗaya cikin jiƙa. Idan ya ci zuwa ƙashi, kashe shi zai yi. A dinga juya shi a kai a kai, dare da rana. Ku ji tsoron Allah, tsoho ne."

Na tsaya ina jin faɗa, kaina a ƙasa. Ta taga ina hango mijina yana sayen rake da aka matse, yana hira da mai sayarwar, har yana dafa masa kafaɗa.

A tasi na maimaita masa duk abin da ta ce. Ya ce, "Su nas-nas ɗin nan akwai zuzuta abu."

Talata, 17 ga Satumba, da yamma

Na gaya wa Wilfrido. Na ce akwai ƙari a mahaifata, shi ke sa zubar jinin nan, za su cire mahaifar gaba ɗaya ranar Alhamis ta sama. Bayan nan sati shida ba ɗaga abu, ba sunkuyawa.

Ya ajiye cokali. Na ɗauka zai tambaye ni ko ina jin tsoro. Ya ce, "To wa zai kula da Baba?"

Na ce, "Kai."

Ya ce, "A kira Yuranis mana."

Yuranis tana can garin Santa Marta da jaririn wata biyu da miji irin nasa. Na ce idan ya kira ta, daga asibiti gidan ƙanwata zan wuce, kuma ba zan dawo ba. Ya ce ina yi masa barazana a lokacin da yake cikin wani hali. Kullum shi ne cikin wani hali.

Sai can, ina goge tebur, ya ce, "Aikin yana da haɗari?" Na ce ban sani ba. Da gaske ban sani ba.

Laraba, 18 ga Satumba, da magariba

Na dama wa Baba kunu. Ni na ci arepa, wainar masara, a bakin titi. Ban ɗora tukunya ba.

Asabar, 21 ga Satumba, da safe

Na tada Wilfrido na ce yau shi zai gyara Baba, ni kallo zan yi. Na miƙa masa safar hannu, bokiti, tsumma, da sabon famfas. Na maƙale hannuwana a baya don kada su yi gaba da kansu.

Baba ya yi bayan gida da daddare. Wilfrido yana ɓalle famfas ɗin sai ya ja baya, ya toshe baki, bai kai ƙofa ba ya amayar a kan siminti. Ya durƙusa yana kakari. Ya ce, "Ba zan iya ba, Nidi. Wallahi cikina ba ya ɗauka. Kuma ubana ne, ta yaya zan ga tsiraicinsa?"

Na ce, "Ni da nake gani kullum, uban wa ne? Ko ka ɗauka an haife ni ba hanci?"

Na tura masa bokiti da ƙafa na ce ya fara da nasa aman.

Abin da ya fi damuna Baba ne. Ya juyar da fuska bango, bakinsa a karkace yana ta cewa, "Nidia. Nidia." Ni yake so. Shi ma a ganinsa wannan aikin mace ne, ko da kuwa macen ba jininsa ba ce. Hawaye yana bin kuncinsa zuwa kunne. Na ce, "Baba, ɗanka ne. Ka yi haƙuri." Ban matsa ba.

Sun ɗauki kusan awa guda. Ya sa famfas ɗin baibai, na sa ya sake. Ya juya tsohon kamar buhun siminti, na nuna masa da baki inda zai sa hannu, ƙarƙashin kafaɗa da ƙugu, da matashi a tsakanin gwiwoyi. Da suka gama ba wanda ya kalli wani.

Na shiga banɗaki na wanke fuska. Na ji ƙyamar kaina ni ma, na mayar da tsoho marar lafiya allon koyarwa. Amma ranar Alhamis tana tafe ko na so ko ban so ba.

Lahadi, 22 ga Satumba, da rana

Ya shanya zanin gado guda biyu a tsakar gida. Doña Ubaldina maƙwabciyarmu ta hango shi ta saman katanga, ta kira ni.

"'Yata, kin yi dace da miji. Dubi bawan Allah yana shanya. Irinsa ba su fi a ƙirga ba a duk garin Soledad."

Ta aiko masa da soyayyen rogo da cuku a faranti. Shi kaɗai.

Ni na wanke zannuwan. Shanyawa kawai ya yi, kuma bai matse su ba.

Talata, 24 ga Satumba, da magariba

Na dawo da wuri saboda jiri. Ƙofa a saye, ba kowa a baranda. Baba yana kwance daidai yadda na bar shi da asuba, a kan ɓarin da ke da ciwon, kununsa a kan kujera ƙudaje sun rufe shi. Audugar da ke kan ciwon ta jiƙe da abin da bai kamata ba.

Na gyara shi. Na ɗaure famfas ɗin a leda. Ban kai bola ba, na fita da shi a hannu, da takalman robar aiki a ƙafata, na nufi kantin da ke kan kwana, inda Wilfrido da abokansa suke buga wasan domino.

Su huɗu ne a tebur, da kwalaben giya, kiɗa yana tashi. Aristides, wanda suka yi aikin bas tare, shi ya fara ganina. Ya ce, "Ga uwargida, Wilfri, ɓuya." Suka yi dariya. Na ajiye ledar a tsakiyar teburin, a kan dominon, na kwance bakinta.

Na ce, "Na ubanka ne. Tun asuba yake ciki."

Kujeru suka ja baya. Wani ya tofar da yawu. Wilfrido ya miƙe, fuskarsa ta yi wani iri, ya ce, "Kin haukace ne? A gaban mutane?"

Na ce, "Su mutane ne. Shi wanda ke kwance a gida fa?"

Ba wanda ya sake dariya. Mai kantin, Don Fulgencio, dattijo ne da ya yi jinyar matarsa har ta rasu, ya rage kiɗan ya ce, "Wilfri, ɗauki kayanka ka tafi gida."

Ya ɗauki ledar da yatsu biyu. Ya bi ni a baya har gida, duk layin yana kallo. Doña Ubaldina tana ƙofarta, ba ta ce na yi dace ba yau.

Bai yi mini magana ba har yanzu. Ina jin motsinsa a ɗakin Baba.

Ban ji daɗi ba. Na ɗauka zan ji. Hannuna har yanzu wari yake.

Laraba, 25 ga Satumba, da yamma

Na haɗa jakar asibiti. Ya tsaya a ƙofa ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Ruwan gishirin ake fara sa wa ciwon Baba ko man?" Na ce ruwan gishiri. Ya ce in zo in tsaya ya yi a gabana. Ya yi daidai.

Asabar, 28 ga Satumba, da hantsi, a asibiti

An yi mini aikin shekaranjiya, ina raye. Cikina kamar an bi ta kai da bas.

Matar da ke gadon kusa da ni an cire mata nono ɗaya shekaranjiya. Wayarta ta yi ƙara ɗazu, mijinta ne, yana tambayar inda ake ajiye gishiri. Ta gaya masa. Har da cewa ya kula, murfin ba ya rufuwa sosai.

Lahadi, 29 ga Satumba, da la'asar

Wilfrido ya zo. Ya bar Baba da Yaya Marlenis na awa biyu, wai ta zauna a falo da hankici a hanci. Ya rame, gemu ya fito, hannuwansa sun tsattsage. Ya nuna mini su kafin ya tambayi jikina. Ya ce, "Ba na barci, Nidi. Ina kwantawa sai lokacin juyi ya yi. Ban san haka abin yake ba."

Na ce, "Ka sani. Kana ganina ina yi."

Ya ɓare mini lemo, ya ba ni a baki. Na ci saboda ina jin ƙishi.

Talata, 1 ga Oktoba, da yamma

Na dawo gida. Kicin ya yi maiƙo, ƙasan kowace tukunya ya ƙone, akwai kyankyaso a bayan murhu. Ya share tsakiyar falo ya tura dattin ƙarƙashin kujera.

Amma ɗakin Baba ba ya zarni. Na sa ya ɗaga audugar na gani. Ciwon ya tsuke, gefen ya yi ja mai kyau. Baba ya kama yatsana da hannunsa mai lafiya, sannan ya saki ya ce, "Wilfri, ruwa." Shi yake kira yanzu.

Na kwanta. An kawo mini shinkafa mai ƙauri da ƙwai. Na cinye.

Alhamis, 10 ga Oktoba, da rana

Ya koyi dafa wake. Ya koyi ware fari da ja. Ashe yana da ido.

Lahadi, 20 ga Oktoba, da la'asar

Yaya Marlenis ta zo. Ta shafa kumatun ƙaninta ta ce ya zube, ta kalle ni a kan kujera ta ce, "Ke kuwa ai kin yi kyau, hutu ya karɓe ki. Ni da aka yi mini aikin haihuwa, kwana goma na tashi na kama girki."

Da ta tafi, Wilfrido yana wanke kofuna ya waiwayo ya ce, "Sati shida likitan ya ce, ko? Wato saura biyu da 'yan kwanaki." Ya yi ajiyar zuciya. "Kai, da zarar kin warke komai ya koma yadda yake, sai na yi barcin kwana uku."

Da fara'a ya faɗa, ba da mugunta ba. Ashe aro na ba shi, yana jiran ranar da zai mayar mini da kayana. Duk abin da ya koya, ya koya ne kamar mai riƙe wa maƙwabci akuya.

Na ce zan kwanta.

Laraba, 30 ga Oktoba, da safe

Jikina ya yi sauƙi sosai. Ɗazu yana kasuwa na ɗaga bokiti cike da ruwa don in gwada. Ban ji komai ba. Na mayar da shi inda yake.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, da magariba

Yau aka koma ganin likita. Wilfrido ya raka ni. Da aka kira sunana na ce ya zo mu shiga tare. Ya ce a'a, maganar mata ce, zai jira a waje.

Likitan ya duba ɗinkin, ya danna nan da can, ya ce na warke sarai. In koma aiki ranar Litinin, in yi duk abin da na saba yi.

Na fito. Yana zaune a kan benci, ya miƙe da sauri ya ce, "Me ya ce?"

Na ce, "Ya ce zan iya komawa kamfani, tun da a tsaye nake aikin. Amma naman cikin bai haɗu da kyau ba. Ba ɗaga mutum, ba ɗaga bokiti, ba sunkuyawa a kan wanki ko goge ƙasa. Idan na yi, zai ɓalle."

"Har yaushe?"

"Har abada."

Na ga fuskarsa ta faɗi. Na jira gardama, irin wadda na sha shekara ashirin da uku. Babu. Ya gyaɗa kai ya ce, "To, tun da likita ya faɗa."

Tun da likita ya faɗa. Na roƙa, na yi kuka, na yi faɗa, na kai kashi kan teburin domino, duk bai zauna ba. Wani namiji da farar riga, wanda ko ganinsa bai yi ba, ya faɗi abin da bai ma faɗa ba, magana ta ƙare.

Ban yi nadama ba, kuma ba zan kai wa limamin coci a matsayin zunubi ba. Zan yi girki idan na dawo da wuri, zan ba Baba kunu, zan aske masa gemu ranar Lahadi. Sauran nasa ne.

A bakin titi, muna jiran bas, ya dubi jakar hannuna. Ba komai a ciki sai katin asibiti da laima. Ya ce, "Kawo, kada ki ɗauki nauyi."

Na miƙa masa.